Zanga-zanga: ina iyakar mai hawa titi, ina iyakar mai riƙe da bindiga?

Kusan duk zanga-zangar da ta ƙare da zubar da jini tana da wani ɗan lokaci da al'amari ya juya. Babban jami'i ya ɗaga lasifika ya ce taron ba ya bisa doka, kowa ya kama gabansa. Na gaba sun ji, na baya ba su ji ba, suna ta turowa. Sai a harba barkonon tsohuwa, wani matashi ya ɗauki dutse, daga nan kuma sai ƙarar bindiga. Washegari sanarwa biyu za su fito. 'Yan sanda su ce ɓata-gari ne suka karɓe ragamar zanga-zangar, masu zanga-zanga su ce salin-alin suke tafiya aka far musu. Jama'a kuwa kowa ya gaskata ɓangaren da zuciyarsa take. Abin da ake yawan mantawa shi ne, yawancin tambayoyin da ake jayayya a kansu bayan irin wannan rana, doka ta daɗe da amsa su, kuma amsar ta ɗaure hukuma fiye da yadda ta ɗaure mai zanga-zanga.

Babu wanda ya san doka da zai ce 'yancin taro ba shi da iyaka. Sashe na 21 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, wadda aka amince da ita a 1966, ya tabbatar da 'yancin taron lumana, sannan a jimla ta gaba ya ce ana iya taƙaita shi saboda tsaron ƙasa, ko kare lafiyar jama'a da tarbiyyarsu, ko kiyaye doka da oda, ko kare haƙƙin wasu. Sashe na 11 na yarjejeniyar Afirka ta 1981 ma haka ya tafi. Sai dai an gindaya sharuɗɗa. Dole taƙaitawar ta kasance tana rubuce a doka tun kafin ranar, dole ta zama ta larura, kuma kada ta wuce girman matsalar da ake son kauce wa. Nauyin kawo hujja yana kan hukuma. Mai fita titi ba ya buƙatar ya gamsar da kowa cewa kokensa na da ma'ana. Wanda yake son hana shi ne zai faɗi dalili, dalilin da zai iya tsayawa a gaban alƙali. A ganina duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar.

Wurin da aka fi samun ruɗani shi ne bambanci tsakanin sanarwa da neman izini. Kalmomi biyu ne da jami'ai ke yawan gwamutsawa, alhali tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin haƙƙi da alfarma. Idan doka ta ce ka sanar, ma'anarta ka gaya wa 'yan sanda rana da hanya da adadin mutanen da kake sa rai, domin su karkatar da motoci, su tanadi jami'ai, su kare ka daga masu son far maka. Idan kuwa ta ce ka nemi izini, to ta miƙa wa wanda kake ƙorafi a kansa ikon yanke hukuncin ko za ka yi ƙorafin. Gwamnan da ake son yi wa zanga-zanga, shi ne zai sa hannu a takardar amincewa.

Kotuna a nahiyoyi daban-daban sun isa matsaya ɗaya a kan wannan, kowace ta hanyarta. A Amurka, an ɗaure limamin coci Fred Shuttlesworth saboda jerin gwanon da ya jagoranta a birnin Birmingham a 1963 ba tare da izini ba, lokacin gwagwarmayar baƙaƙen fata. A 1969 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce dokar da ta bar wa jami'an gari damar bayar da izini ko hanawa yadda suka ga dama ta saɓa wa tsarin mulki. A Gana, jam'iyyar adawa ta NPP ta kai Sufeto Janar na 'yan sanda ƙara, kuma a 1993 Kotun Ƙoli ta rushe tanadin neman izini da aka gada daga wata dokar soja ta 1972. Dokar da ta biyo baya a 1994 ta koma tsarin sanarwa, kwana biyar kafin taro. A Najeriya, bayan 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da hayaƙi mai sa hawaye a watan Satumba na 2003, jam'iyyun adawa sun garzaya kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa sharaɗin neman izini bai dace da tsarin mulki ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su taro, aikinsu shi ne samar da tsaro. Duk da haka har yau kakakin 'yan sanda a ƙasashe da dama yakan fito ya ce "ba mu ba da izini ba", kamar dai hukuncin kotu bai taɓa fita ba, kuma mutane da yawa sukan ɗauka hakan ne doka.

To idan ba a sanar ba fa? Nan ma an yi nisa. A 2013 wasu masu fafutuka sun ɗaure kansu da sarƙa a harabar ofishin hukumar birnin Cape Town, suna kokawa kan rashin bayan gida mai tsafta a unguwar Khayelitsha. Dokar Afirka ta Kudu ta ce taron da ya haura mutum 15 sai da sanarwa, su kuma ba su bayar ba, aka same su da laifi. A 2018 Kotun Tsarin Mulki ta ce mayar da rashin sanarwa laifin da ake hukunta mutum a kansa ya yi tsauri, domin tsoron tabon laifi zai hana talaka da matashi buɗe baki. Tun kafin nan, a 1985, kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke wani hukunci da masana ke yawan komawa gare shi, kan zanga-zangar adawa da tashar nukiliya ta Brokdorf. Ta ce akwai zanga-zangar da ke ɓarkewa nan take saboda abin da ya faru yanzu, kuma ba hankali ba ne a ce wa mutanen da aka kashe musu ɗa da safe su jira sa'o'i 48 kafin su taru.

Sai maganar lumana, wadda ita ce ainihin iyakar da ke kan mai zanga-zanga. Kariyar doka ta taron lumana ce. Wanda ya zo da makami, ko ya cinna wa gini wuta, ko ya fasa shago ya kwashi kaya, ya fita daga inuwarta, kuma kama shi da gurfanar da shi wajibi ne. Masu shirya zanga-zanga da ke kawar da kai daga wannan suna cutar da kansu, suna kuma cutar da mai ƙaramin jari da ya wayi gari ba shi da komai. Amma a 2020 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da dogon bayani, wanda ake kira sharhi na 37, ya fayyace abin da ake nufi da tashin hankali: amfani da ƙarfin da zai iya jawo rauni ko mutuwa ko babbar ɓarnar dukiya. Ture-ture, da tare hanyar mota, da hana harkokin yau da kullum tafiya yadda aka saba, ba su kai su sa a kira taro tarzoma ba. Mafi muhimmanci, ya ce laifin wasu tsiraru ba ya hawa kan sauran. A nan doka ta ƙi yarda da cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Idan mutum 20 cikin 10,000 suka fara jifa, aikin 'yan sanda shi ne su tsame 20 ɗin, ba su yi wa kowa kuɗin goro ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi daga ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Titi na kowa ne. Mai jinya da ke son kai mara lafiya asibiti yana da haƙƙi, mai neman abin sawa a bakin salati a ranar ma yana da shi. A Indiya, mata sun zauna a kan wata babbar hanya a unguwar Shaheen Bagh ta birnin Delhi daga Disamba 2019 zuwa Maris 2020, suna adawa da sabuwar dokar zama ɗan ƙasa. A watan Oktoba 2020 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ba za a mamaye hanyar jama'a har illa ma sha Allahu ba. Ina ganin hukuncin yana da hujja ta fuskar tsawon lokaci. Inda nake da ja shi ne idan aka ɗauki irin wannan hujja aka ce a koma wani fili da aka keɓe can bayan gari. Zanga-zangar da wanda aka yi dominsa ba zai gani ba kuma ba zai ji ba, an kashe ta ne ba tare da an ce an hana ta ba. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce a bar mutane su taru inda idon wanda suke kuka da shi zai gan su, kunnensa zai ji su. Takura kuwa, ɗan kaɗan daga cikinta dole ne a jure, domin da ita ake jan hankali.

Kada a ɗauka wannan ja-in-ja na ƙasashe masu tasowa ne kaɗai. Birtaniya ta yi doka a 2022 da ta ba 'yan sanda ikon gindaya wa zanga-zanga sharuɗɗa saboda ƙara ta yi yawa, sannan a 2023 ta mayar da ɗaure jiki a jikin gini ko wani abu laifi, har da zuwa da kayan yin hakan. Kwanaki kaɗan bayan dokar ta fara aiki, ranar naɗin Sarki Charles, aka kama mutum shida 'yan ƙungiyar masu adawa da sarauta, duk da sun shafe watanni suna tattaunawa da 'yan sanda kan shirinsu. An tsare su tsawon sa'o'i, aka sake su ba tuhuma, 'yan sandan Landan suka nuna nadama. Amma bikin ya riga ya wuce. Haka dokar da kalmominta ke da faɗi take aiki: ba sai an sami kowa da laifi ba, kamun kaɗai ya biya buƙata.

Yanzu mu juya ga mai riƙe da bindiga, domin nan ne rayuka ke salwanta. A 1990, a wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Habana na Kyuba, aka amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Abin da suka ce a fili yake. Ko da taro ya saɓa wa doka, muddin babu tashin hankali, a guji amfani da ƙarfi, in ya zama dole a tsaya a mafi ƙaranci. Bindiga kuwa ba a ɗaga ta sai don kare rai daga barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kuma bayan an rasa wata hanya. Rikicin siyasa ko dokar ta-ɓaci ba hujja ba ce ta kauce wa wannan. Jami'in da ya san umarnin da aka ba shi haramtacce ne ƙarara, kuma yana da damar ƙi, ba zai fake da cewa oga ne ya ce ba. Wato ba a harbin mutum don a watsa taro, ba a harbinsa don ya ƙi tashi, ba a harbinsa don kare tagar gilashi. Matsalar ita ce dokokin cikin gida na ƙasashe da yawa, musamman waɗanda suka gaji tsarin mulkin mallaka, ba su kai nan ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin Najeriya, alal misali, har yanzu yana ɗauke da togaciyar da ta halatta kisa wajen murƙushe tarzoma idan ƙarfin da aka yi amfani da shi ya zama na larura. Rundunonin da Turawa suka kafa domin tsare mulki daga talakawa sun bar gadon tunani, kuma canza kaki bai goge shi ba.

Tarihi cike yake da abin da wannan tunani ke haifarwa. A Sharpeville ta Afirka ta Kudu, ranar 21 ga Maris 1960, 'yan sandan mulkin wariyar launin fata sun kashe mutum 69 a ƙidayar hukuma, da yawansu harsashi ta baya ya same su, wato suna gudu. Bayan shekara 52, a ƙarƙashin gwamnatin da ta zo da sunan 'yanci, 'yan sanda suka kashe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana ranar 16 ga Agusta 2012. Wannan na biyun ya fi ci mini rai, domin ya nuna zaɓe da sabon tsarin mulki ba sa gyara runduna idan ba a taɓa horonta da tsarin umarninta ba.

Kayan da ake kira marasa kisa ma suna kisa da nakasawa idan aka yi ganganci. Hayaƙi mai sa hawaye, wanda yarjejeniyar makamai masu guba ta 1993 ta haramta a fagen yaƙi amma ta bari a yi amfani da shi wajen kwantar da tarzoma, ba ya tantance mai jifa da mai goyo. Amfaninsa ɗaya ne, ya sa mutane su bar wuri, don haka harba shi inda babu mafita ganganci ne da rai. A garin Bishoftu na Habasha, a Oktoba 2016, harba shi cikin cincirindon jama'a a bikin Irreecha ya jawo turmutsitsin da gwamnati da kanta ta ce ya kashe sama da mutum 50. A Cile kuwa, a zanga-zangar da ta fara a 2019, sama da mutum 400 sun sami rauni a ido, galibi daga harsasan roba da gwangwanayen hayaƙi da aka saita sama da ƙugu.

Abin da ya kamata ya sa masu mulki su yi tunani, ko da ba don tausayi ba, shi ne ƙarfi yakan haifar da abin da ake gudu. Masana halayyar taron jama'a sun daɗe da lura cewa taro ba jiki ɗaya ba ne. Akwai masu zafin kai kaɗan, akwai masu rinjaye da suka zo faɗin damuwarsu su koma gida, kuma sau da yawa su ne ke tsawata wa masu zafin kan. Da zarar kulki ya sauka a kan kowa ba bambanci, sai mai sanyin ya ga ashe gaskiyar mai zafin ne, su dunƙule su zama abu ɗaya. A Bangladash, zanga-zangar ɗalibai ta Yuli 2024 ta faro ne kan rabon guraben aikin gwamnati. Bayan hoton bidiyon ɗalibi Abu Sayed, wanda aka harbe yana tsaye ya buɗe hannuwansa a Rangpur, ya karaɗe ƙasar, buƙata ta tashi daga gyaran gurabe ta koma saukar gwamnati. Ranar 5 ga Agusta Firaminista Sheikh Hasina ta bar ƙasar, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu za su iya kai 1,400. A Kenya ma, bayan harbe-harben 25 ga Yuni 2024 a kusa da majalisa, Shugaba Ruto ya janye ƙudirin dokar harajin da aka fito dominsa. Abin da za a iya yi tun kafin a zubar da jini, aka yi shi bayan an zubar.

Akwai wata hanya, kuma an gwada ta. Bayan rikicin birnin Gothenburg a 2001, inda 'yan sanda suka harbi masu zanga-zanga uku suka jikkata su, Suwidin ta kafa jami'ai na musamman da aikinsu magana ce kawai. Suna ganawa da masu shiri tun kafin rana, su san hanya, su yi musayar lambar waya, su kasance cikin taron ba sulke ba garkuwa, su riƙa isar da saƙo tsakanin kwamanda da jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin aikin kwantar da zanga-zanga ana gama shi ne kafin mutum na farko ya taka titi. Wannan bai rasa nasaba da halin da ɗan sandan kansa yake ciki. Jami'in da ya kwana a tsaye, ba kwalkwali, ba garkuwa, ba horo, abin da ke hannunsa bindiga ce kawai, idan duwatsu suka fara sauka tsoro ne zai yanke masa shawara. Wanda ya tura shi a haka yana da kaso mai tsoka a abin da zai biyo baya. Saka soja cikin lamarin kuwa ƙara dagula shi ne, domin an horar da soja ne ya ga abokin gaba.

Akwai kuma hanyoyin hanawa da ba sa buƙatar harsashi. Katse intanet na ɗaya daga ciki, kuma a 2020 kotun ECOWAS ta ce katsewar da Togo ta yi lokacin zanga-zangar 2017 ta saɓa wa doka. Akwai umarnin kotu da ake samowa a daren jajibiri ba tare da an saurari ɗaya ɓangaren ba. Akwai 'yan daba da ake bari su far wa taro jami'ai na kallo, alhali kare masu zanga-zanga daga masu adawa da su yana cikin aikin da doka ta ɗora wa hukuma. Akwai kuma tuhuma mai nauyin da ya wuce laifi, kamar yadda aka gani a Abuja a Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da ƙananan yara bisa zargin cin amanar ƙasa bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Duk waɗannan ƙa'idoji ba su da haƙori idan ba a bin bahasi bayan an yi ɓarna. Wa ya ba da umarni, harsashi nawa aka fita da su, nawa aka dawo da su, wane suna ke jikin rigar wanda ya harba, wa zai yi binciken da ba abokin aikinsa ba? A birnin Derry na Ireland ta Arewa, sojojin Birtaniya sun harbe mutum 13 har lahira ranar 30 ga Janairu 1972, a wani jerin gwanon da hukuma ta haramta. Binciken farko, wanda aka kammala cikin 'yan makonni, ya wanke sojojin kusan gaba ɗaya. Iyalan mamatan suka ƙi haƙura. Sai a watan Yuni 2010 rahoton kwamitin Saville ya fito ya ce babu ko ɗaya cikin waɗanda aka harba da ke barazana ga rayuwar wani, Firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Haramcin jerin gwanon bai zama hujjar harbi ba ko a idon gwamnatin da ta haramta shi, amma sai da aka yi shekara 38 kafin ta faɗi haka, lokacin da da yawa cikin iyayen waɗanda aka kashe sun riga sun kwanta dama.